Shayin Koci

Da cokali a bakinsa ya faɗi. Ba irin faɗuwar da yake yi a fili don alƙalin wasa ya tausaya masa ba ce. Kujerar ta tafi da shi, ƙeyarsa ta bugi siminti, ƙafafun nan da ɗaliban jami'a suke yi wa waƙa suka shiga harbin iska. Kumfa ta biyo gefen bakinsa.

"Malam! Yaron nan zai mutu!" uwar ta ƙwalla, tana ƙoƙarin danne shi da gwiwarta.

Uban, wanda ɗalibai ke kira Baban Fili saboda shi ke yanke ciyawa yana zana farin layi da farar ƙasa, ya tsaya ƙiƙam. Cokalin yake kallo, yana juyi a ƙasa shi kaɗai kamar mai neman hanyar fita. Sai da matar ta ja masa riga sannan ya tuna yana da hannuwa.

* * *

A asibiti likitar ba ta yi kwana-kwana ba.

"Baba, tun yaushe yake shan ƙwaya?"

"Wace ƙwaya? Ɗana Walƙiya fa kike magana a kai. Ko sigari bai san ɗanɗanonta ba."

"To jikinsa ya san wata aba. Mai kashe ciwo ce, irin wadda ba ta sakin mutum. Ya daɗe a kanta."

Baban Fili ya fito baranda. A kan benci ya tarar da golan ƙungiyar, wani zanƙalelen yaro da ake ce wa Gizo. Bara babu ƙwallon da ke wuce hannuwansa. Yau hannuwan suna tsakanin cinyoyinsa, yana matse su don kada a ga rawarsu.

"Ɗana, ka ji tsoron Allah. Wa ya koya masa?"

Gizo ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba.

"Baba, da gaske kake? Ai kai kake kawo mana."

"Ni?"

"Fulas ɗin. Shayin Koci."

Tsohon ya zauna ba tare da ya duba ko akwai wurin zama ba.

Kakar wasan bara ce ta dawo masa ɗungurungum, kakar da suka ɗauko kofin da jami'ar ba ta taɓa taɓawa ba. Kafin kowane wasa Koci yakan rufe kansa a ofis, ya fito da babban fulas ja, ya ce, "Baba, kai wa 'ya'yanka." Shi kuma ya rungume shi kamar jinjiri, ya ratsa ta gaban 'yan kallo yana taƙama. Yara su yi layi a ɗakin sauya kaya, kowa da kofin roba. Na ɗansa yakan cika har baki, wani lokaci ya ƙara masa a ɓoye. Ai ɗansa ne.

Ya ga abubuwan mamaki a kakar nan, kuma shi mutum ne mai son abin mamaki. Ya ga ɗan baya ya ƙarasa wasa da karyayyen yatsa yana dariya. Ya ga Walƙiya, da gwiwa a kumbure kamar ƙwarya, ya zura biyu a raga. Ya ga tururuwan da ke lasar ragowar shayin a bayan ɗaki suna zagaye wuri guda har rana ta faɗi. Har ya kai wa matarsa labari, ya ce ko ƙwarin filin nan sun kamu da son ƙwallo.

"Mu nawa?" Gizo ya ce, ko da yake ba a tambaye shi ba. "Da aka gama kaka aka daina shayi. Sai kowa ya shiga nema da kansa. Kyaftin ya bar karatu. Ɗan baya yana ɗaure a gidansu."

* * *

Ofishin Koci ya sami sabon kafet da na'urar sanyaya ɗaki. Kofin da suka ciyo yana cikin gilashi. Ranar wasan farko na sabuwar kaka ce, ana jin ganguna daga fili.

"A'a, Baba na kaina! Ya jikin jarumin namu?"

"Me kake zubawa a shayin nan?"

Koci ya rufe ƙofa a hankali.

"Citta da sukari. Wa ya ce akwai wani abu?"

"Likita."

"To bari in tambaye ka, Baba. Wa duk jami'ar nan ta gani da fulas? Wa ya tsiyaya? Ni ko kofi ban taɓa miƙa wa yaro ba." Ya dafa masa kafaɗa. "Kuma da katin ma'aikata ake duba ɗanka a asibiti, ko ba haka ba? Mu rufa wa juna asiri. Ga shi nan, yara na jira."

Fulas ɗin yana kan tebur, da ɗuminsa.

Baban Fili ya ɗauka. Ya bi baranda, ya wuce ƙofar ɗakin sauya kaya inda sababbin yara suke layi suna tsokanar juna, ya zagaya baya, ya tuntsurar da shi a kwata. Shayin ya fallatsa masa a hannu da bakin riga. Yana nan tsaye ya ji muryar Koci daga taga yana ce wa direban ƙungiyar ya ɗora wani ruwan.

Bai tsaya kallon wasa ba, ya koma asibiti a ƙafa.

Walƙiya ya farka. Uwar tana goge masa gumi, shi kuma yana karkarwa a ƙarƙashin bargo. Da uban ya matso, yaron ya kamo hannunsa da hannu biyu, abin da bai yi ba tun yana koyon tafiya. Hawaye ya cika idon tsohon.

Sai ya ga yaron ya kai hannun hancinsa, ya lumshe ido, yana shaƙa.

"Baba," ya ce a hankali, "ba ka rago mini ba?"