Gonar da Fannami Bai Sayar Ba

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati na neman malaman firamare ido rufe, Malam Sa'idu ya dawo Haɗeja daga karatu a Kano da sabon ilimi a ka, wai kimiyyar harshe. Aka ba shi aji a kwalejin horon malamai. Kai ya kumbura, har tafiyarsa sai da ta sake.

Gidan kawunsa Fannami ya sauka, don ba shi da wani gidan. Fannami yayan mahaifiyarsa ne, shi ya ɗauke shi tun yana rarrafe da iyayensa suka rasu, ya raine shi da shinkafar gonarsu ta gado da ke fadamar Kirikasamma. Gonar ta mutum biyu ce, Fannami da ƙanensa Zarami, wanda ke zaune can yana nomanta. Duk duniya ba abin da Sa'idu ke tsoro kamar ranar da dattijon nan zai ɗauke kai daga gare shi.

Ran nan ya shiga aji da alli, ya rubuta "jimla" a saman allo, ya ja kibiya.

"Kowace jimla gida biyu take rabuwa," in ji shi. "Yankin suna da yankin aikatau. Wa ake magana a kai, me ya yi. Shi yankin aikatau kuma ya sake rabuwa: aikatau, da wani yankin sunan a bayansa."

Ya ja layuka biyu suka sauko kamar rassa, ya sake tsaga na dama. Ɗalibai suka zuba ido, ba wanda ya gane. To sai a kawo misali. Ya juya zai cike reshen hagu, sunan da ya zo bakinsa shi ne Fannami, ya rubuta.

"A ba ni aikatau!"

"Ya sayar!" in ji wani daga baya.

"Da me?"

"Gona!"

"Ƙara mata nama, mu ga reshen ya yi 'ya'ya."

"Gonar fadama!"

Shi ke nan, bishiya ta tsaya cif: Fannami ya sayar da gonar fadama. Aji ya ɗauka, har da tafi. Sa'idu ya fita yana jin kansa a sama, ko a jikinsa.

Abin da gogan naka ya manta shi ne halin ɗalibansa. Su fa abin da malam ya sa a allo ba a taɓa shi, ko ɗigo ne. Da aka watsa su gwajin koyarwa, wasu Auyo, wasu Malam Madori, wasu Kirikasamma, kowa ya buɗe darasin ya juye shi yadda yake, da bishiyar da sunan da komai. A ce mutum ya sa Garba ko Shu'ibu a wurin? Ina! Yaran firamare kuwa haddar baki suka sani. Kafin ruwan fadama ya ja baya, yara na rera jimlar a hanyar rafi, mata na ji a bakin turmi, masunta na tambayar juna wa ya saya. Ai a makaranta aka faɗa, kuma a rubuce.

Wata safiya Sa'idu na ɗaura agogo zai fita, sai ga Kawu Zarami a zaure, wando jiƙe har gwiwa. Da kwalekwale ya tsallako, ya ƙarasa a bayan a-kori-kura. Ko zama bai yi ba.

"Yaya, ashe haka za ka yi mini? Gonar ubanmu? Sai a bakin 'ya'yan cikina zan ji?"

Fannami ya ajiye carbi. "Wace gona?"

Zarami ya faɗi jimlar, har da karin waƙar da yara ke yi mata. Wallahi Sa'idu ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ƙofar baya na nan, kekensa na jingine, amma ya ji muryar ƙanen na rawa, ya ga yayan yana ta rantsuwa ba a yarda. Ya cire takalmi ya durƙusa tsakaninsu.

"Kawu, ni ne. Daga allona ta fito."

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya zana musu abin: jimla a sama, reshe hagu, reshe dama. Ya ce wannan gurbi ne kawai, kowane suna aka sa zai zauna, wancan ma kowane aiki. Ba labari yake bayarwa ba, ƙirar magana yake nunawa, kamar yadda mai gini ke nuna inda azara ke hawa.

Zarami ya leƙa zanen ya yi tsaki. "Bishiya saiwa a sama! Karatun ke nan? To tunda kowane suna zai zauna, me ya hana ka sa naka, don Allah? Ka san surukaina sun aiko tambaya? Ka san liman ya kira ni gefe? Yaya, yaron nan ya zubar mana da mutunci daga nan har bakin kogi. In ni ne, yau zai kwashe littattafansa."

Fannami ya zuba wa zanen ido. Sa'idu kuwa ya tabbata zamansa a gidan ya ƙare, kuma ya san bai da bakin cewa an zalunce shi.

Can dattijon ya miƙa kan sandarsa ya taɓa reshen hagu.

"Nan ne ni?"

"Nan ne, Kawu."

"Kuma duk sunayen da Allah ya yi za su shiga nan?"

"Duka."

"Kai kuma nawa ka sa."

"Shi ya fara zuwa bakina," in ji Sa'idu, murya can ciki. "Kullum shi ke fara zuwa."

Fannami ya gyaɗa kai. Ya dubi ƙanensa. "Zarami, gonarka na nan, ko taki ban sayar ba. Ranar kasuwa zan bi ka, mu tsaya a gaban liman tare. Zauna a kawo maka fura, ka jiƙe."

Sannan ya mai da sandar kan reshen dama, ya goge shi a hankali har ƙasa ta koma sumul.

"Wannan ɓangaren ne ƙarya. Na hagun ka bar shi inda yake. Ka koma wa ɗaliban nan naka masu kan kwafi, ka ba su wata, su kai ta duk inda suka kai waccan."

"Me zan sa a gurbin, Kawu?"

"Au, ni zan koya maka aikinka? Rubuta: Fannami ya yafe wa ɗansa. Ka duba ko za ta hau bishiyar."

Sa'idu ya ɗauki tsinken. Hawayen godiya na ɗiga a kan zanen. Ya tsaga reshen, ya sa aikatau a gurbinsa, ya zo kan kalmar ƙarshe ya tsaya yana kallonta.

"Ta hau?" in ji Fannami.

"Ta hau, Baba."