Ƙullin Bakin Buhu

Wata biyu bayan zaɓen shugaban ƙasa lauyoyi na ta kai ruwa rana, har kotu ta ce a kwance buhunan ƙuri'u a sake ƙirgawa. Sammaci ya iske Profira a gonar inabinta. Ita ta shugabanci rumfar zaɓen ƙauyensu, ita ta ɗaure buhun da hannunta. Ɗanta Dorin, direban hukumar zaɓe, shi ya kai shi birni.

A ƙofar kotu Trifan, ɗan koren jam'iyya mai mulki, ya sha gabanta yana washe baki.

"Gwaggo, irin wannan ado! Miji kika zo nema a birni?"

"Kauce mini, marar kunya."

"Zan kauce. Amma in aka ce an taɓa buhu a hanya, kin dai san wanda ya tuƙa motar."

Ta wuce shi ta shiga. Da aka aza buhun bisa tebur, kallo ɗaya ta yi masa ta gane ba ƙullinta ba ne. Shekara arba'in tana ɗaure reshen inabi: ta murɗa sau biyu, ta soke wutsiyar igiya ta ƙasa. Haka ta ɗaure buhunta. Wannan kuwa ƙullin gaggawa ne, irin na masu lodin masara. Ƙuri'a ɗari huɗu ta zuba, yanzu da aka farke gindin buhun an tarar da ɗari bakwai.

Alƙaliya ta sauke tabarau ta ce, "Inna, duba da kyau. In ɗaurinki ne, duk abin da ke ciki a wuyanki yake, kuma shekara biyar ce a gidan yari."

Profira ta waiwaya. Dorin na can layin baya, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ko da saninsa aka yi, ko tsare shi aka yi a hanya, ba ta taɓa tambayarsa ba, don tana tsoron amsar.

"Ɗaurina ne, ranki ya daɗe."

Lauyan 'yan adawa, wani siririn dattijo, ya miƙe a hankali, ya miƙo mata igiya da buhu wanda ba kome a ciki.

"To, Inna, ɗaure mana mu gani."

Ta ƙura wa baƙon ƙullin ido don ta kwaikwaya. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Ta fara, ta kwance, ta sake farawa. Tana cikin tunanin Dorin yatsunta suka yi abin da suka saba: suka murɗa sau biyu, suka soke ta ƙasa.

Aka jera buhunan biyu. Alƙaliya ta daɗe tana dubansu, sannan ta jawo takarda.

"Wa ya kawo buhun nan daga ƙauye?"

Daga layin baya Profira ta ji ƙarar kujera, wani ya miƙe tsaye. Ta kasa juyawa.