Amanar Ɗan Nwafor

Ni direba ne, sunana Jibril, bas nake ja tsakanin Daura da Katsina. Na ɗauki awaki a motar nan, na ɗauki gawa, na ɗauki 'yan siyasa, amma ban taɓa yin lodin da na tsana kamar na wata Asabar a bazarar bara ba. Kuma duk Abbas ne ya jawo shi da wayarsa.

Abbas ƙanin abokina Hussaini ne. Hussaini mafarauci ne, gadon gidansu ne, yana da karnuka da 'yan tawagarsa da suke fita tare in an kwashe amfanin gona. Shi kuwa Abbas difloma ya gama ya dawo gida yana zaman kashe wando. Wata rana ya gani a waya wai a wasu ƙasashe mutane na biya a kai su daji su wuni su dawo. Shi ke nan, sai ya ɗauki hoton Duna, baƙin karen da Hussaini ya fi so, ya rubuta a ƙasa cewa akwai yawon farauta na yini guda a dajin Dutsi, fita da sassafe, dawowa kafin magariba, da mota da abinci da ruwan sanyi da hoto. Mai so ya kira ya kama wuri. Ya watsa wa duniya.

Hussaini ya ce masa daji ba gidan biki ba ne. Abbas ya ce, "Haba Yaya, karen bana shi ke maganin zomon bana." Innarsu ta sa baki ta ce a bar shi ya gwada, ya fi zaman majalisa. Hussaini kuwa ba ya musu da Inna.

Wanda ya fara kira shi ne Chimdi, ɗan Nwafor mai shagon kayan gyaran mota a bakin tasha. A Daura aka haifi Chimdi, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Ya tafi kudu ya yi karatun haɗa magunguna, ya samu aiki a can, ya zo hutun Ista. Tun yana ƙarami yake ganin Hussaini na wucewa da karnuka ta gaban shagon babansa, yana kuka a tafi da shi, ba a taɓa yarda ba. Yanzu ya girma, ga kuma waya ta buɗe masa ƙofa. Shi kaɗai ya kama wuri, sauran masu kiran duk surutu ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na biya shagon Nwafor sayen takalmin birki, Hussaini na tare da ni. Tsohon ya zagayo daga bayan kanta ya riƙe hannun Hussaini na dama da hannuwansa biyu.

"Malam Hussaini, yaron nan ya ƙi jin maganata. Shi kaɗai ne namiji gare ni. Ba Abbas na ba shi ba, kai na ba. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka kawo mini shi nan gaban shagon nan."

"Oga, na karɓa," in ji Hussaini. "Ko ƙaya ba za ta taɓa shi ba, in Allah ya yarda."

Hussaini ba mai yawan magana ba ne, amma na san shi, in ya ce ya karɓa to ya karɓa.

Da sassafe muka tashi, mutane a gaba, karnuka a bayan kujeru suna zuba mini yawu. Na ajiye motar ƙarƙashin wata babbar tsamiya a bakin daji, muka shiga a ƙafa. Gaskiya da farko abin ya yi daɗi. Kafin hantsi Duna ya tayar da zomo, ya bi shi ya kifar, ya karya masa baya da cizo ɗaya, aka yi maza aka yanka. Chimdi na tsalle yana ihu kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Abbas na bin sa da waya, ɗauki nan, ɗauki can.

Sai dai ba mu kaɗai ba ne a dajin. Tun safe muke jin gangar wata tawaga daga gabas, mutanen Mahdi na Gidan Tsamiya. Mahdi ɗan tauri ne, kowa ya san shi a wannan yankin, kuma ba a shan inuwa ɗaya tsakaninsu da 'yan Daura. Hussaini ya ce mu bar musu gabas mu riƙe yamma.

Da rana ta take, zafi ya fara cin Chimdi. Hussaini ya ce ni da Abbas mu mayar da shi gindin tsamiya ya huta, su za su kewaya wani kwari su dawo mu ci abinci tare. Muna zaune muna shan ruwa sai muka ji ƙarar ciyawa. Gada ce ta ɓullo a guje, jan kare na manne da cinyarta. A gabanmu ya kayar da ita, ya koma wuya ya danne. Rabon da a ga gada a dajin nan an daɗe, mafarauci kan yi shekaru bai yi arba da ita ba.

Abbas ya zare wuƙa ya ruga ya yanka ta kada ta zama mushe. Wannan daidai ne, kowa ma haka zai yi. Amma na ga jar igiya a wuyan karen.

"Abbas, karen nan ba namu ba ne. Ajiye musu abinsu mu koma gefe."

"Haba Yaya Jibril, hoto kawai. Wa zai ci musu nama?" Ya kori karen da dutse, ya juya wurin Chimdi. "Zo ka ɗauka. A'a, ba haka ba, ɗaga ta sama bisa kanka. Yawwa! Yi ihu kamar kai ka kama."

A dokar daji nama na wanda karensa ya fara kamawa ne. In ka tsinci na wani, ka bar shi a ƙasa. Wanda ya ɗaga nama bisa kansa ya yi kururuwa, to ya faɗa wa dajin duka cewa ya ƙwace, mai ƙarfi ya zo ya karɓa. Abbas a gidan farauta ya tashi, ya san wannan sarai, amma hankalinsa na kan hoton da zai jawo masa masu kira. Shi kuwa Chimdi bai san komai ba. Ya ɗaga gadar nan, jini na ɗiga masa a riga, ya kwarara ihu yana dariya.

A haka mutanen Mahdi suka fito daga cikin sabara suka same shi.

Ba su yi tambaya ba. Na miƙe ina ɗaga hannu ina cewa baƙo ne, sai na ji gora a bakina. Haƙorina na gaba ya tafi, na faɗi ina tofar da jini. Wani ya kai wa Abbas duka a gadon baya, wayar ta yi tsalle, shi kuma ya rarrafa ya shige ƙarƙashin motata. Wani ya sauke gora a gilashin gaba ya watse. Chimdi ya saki gadar ya ja da baya har ya jingina da tsamiya, yana cewa, "Don Allah ku tsaya, hoto ne, wallahi hoto ne!" Ba mai jin sa. Mahdi na tsakiya yana kirari, yana goga wuƙa a cikinsa, idonsa ja wur. Suka yi wa yaron zobe.

Sai ga Hussaini da mutanensa a guje, sun jiyo ihun. Nan wuri ya kacame. Gora na haɗuwa da gora, karnuka na yagar juna, wani daga cikin namu ya zube da fasasshen kai, wani nasu ya durƙusa riƙe da haƙarƙari. Ina kwance ina gani ta tsakanin ƙafafun mutane. Hussaini bai tsaya dukan kowa ba. Kafaɗa ya sa ya ratsa zoben, ana sauke masa gora a baya yana wucewa, har ya isa gaban Chimdi ya tsaya. Ya jefar da gorarsa, ya zare addarsa ya jefar da ita a gaban Mahdi.

"Mahdi! Baƙona ne. Ni na kawo shi daji, laifinsa nawa ne. Ga namanka can a ƙasa, ga makamina. Na sallama."

Mafarauci ya zubar da makami a gaban abokin gaba, ba ƙaramin abu ba ne, za a yi shekaru ana yi masa gori da shi. Mahdi ya tsaya da kirarin, ya ɗaga hannu. Faɗan ya fara lafawa.

Amma akwai wani Sadiq a cikinsu, shi ne mai jan karen, tun safe yake bin gadar nan. Ya zagayo ta bayan tsamiya da barandami, wannan gatarin mai faɗin baki, bai ji sallamar ba, ko kuma ya ji ya ƙi. Ya ɗaga shi ya nufi kan Chimdi. Hussaini ba shi da komai a hannu, sai ya miƙa hannunsa na dama ya tare.

Har yau ina jin ƙarar. Barandamin ya shiga tsakanin yatsunsa ya tsaga tafin har wuyan hannu. Jini ya yi feshi a fuskar Chimdi. Duna ya yi tsalle ya kama Sadiq a cinya ya kayar da shi, mutum biyu suka rufe karen da gora, suka yi ta duka har ya daina motsi. Hussaini na durƙushe riƙe da hannunsa yana kallo.

Daga nan faɗan ya tsaya. Mahdi ya taka ya sharara wa Sadiq mari, ya kwance ɗamararsa ya ɗaure wa Hussaini dantse tamau. Sannan ya sunkuya ya saɓi gadarsa, suka juya suka shige daji. Ko a lokacin bai manta da naman ba, kuma wannan ya ƙona mini rai fiye da haƙorina.

Muka kwashi masu rauni muka zuba a mota. Chimdi ya yage rigarsa ya naɗe hannun, ya ɗaga shi sama ya danne, yana kuka yana cewa in taka mota. Na taka, iska na dukan fuskata ta inda gilashi ya fashe. Abbas kuwa tun kafin mu tashi ya fito daga maɓoyarsa ya tsinci wayarsa ya lafe a kujerar baya. Ashe ya riga ya tura hoton kafin a far mana. Duk tsawon hanyar nan wayar na ƙara, mutane na tambayar yadda za su kama wuri Asabar mai zuwa. Na ce masa in bai kashe ta ba zan tsaya in sauke shi a tsakiyar titi. Ya kashe.

Muna shiga Daura na karya kan mota zuwa asibiti. Hussaini ya buɗe ido.

"Jibril, tasha."

"Tashar me? Jininka ke ƙarewa!"

"Yaya Hussaini, don Allah asibiti," in ji Chimdi. "Zan kira Baba ya same mu a can."

"Gaban shago ya ce. Jibril, in ka wuce da ni ban yafe ba."

Na zage shi, na zagi farauta, na zagi Abbas da wanda ya sayar masa da waya, amma na juya. Shagon ba nisa, kuma na san in na ƙi zai iya buɗe ƙofa ya diro.

Nwafor na zaune a kan benci. Da ya ga motar ba gilashi, ya ga ɗansa ya sauko jina-jina tun daga gashi har wando, sai ya kurma ihu ya yo kansa yana lalube shi, kai, wuya, ciki, yana neman inda aka sare shi.

"Baba, ba jinina ba ne," Chimdi ke faɗi. "Ba nawa ba ne."

Hussaini ya leƙo ta taga, leɓɓansa sun yi fari.

"Oga, duba shi da kyau. Akwai inda aka taɓa?"

Nwafor ya dubi ɗansa, ya dubi ƙunshin tsumman da ke ɗiga a cinyar Hussaini. Ya ce, "Babu."

"To na sauke," in ji Hussaini, kansa ya faɗa jikin kujera.

Tsohon nan ko shagon bai rufe ba. Ya faɗo motar ya rungume kan Hussaini a ƙirjinsa, yana yi mini tsawa in tafi, yana addu'a da yarensu har muka isa. Daga Daura aka tura mu Katsina. An ceci ransa, amma ba a ceci hannun ba, daga wuyan hannu aka yanke.

Yanzu Hussaini ba ya fita farauta, ya rabar da sauran karnukan. Kullum da hantsi za ka same shi a bencin shagon Nwafor suna shan shayi. In zai tafi sai tsohon ya miƙe ya kama dungulmin nan da hannuwansa biyu su yi sallama, don Hussaini ya hana shi karɓar na hagu, ya ce da na dama ya karɓi amanar.