Suna na Uku a Takardar Gidan

"Wane ne Saidmurod?" in ji mai sayen gidan.

Yatsansa na kan layi na uku na takardar da na karɓo daga ofishin rajistar gidaje da safen nan. Sunansa Rahmatullo, likitan haƙori ne, shi ya ɗauke ni in bincika masa asalin gidan kafin ya biya. Mu huɗu muke zaune a kan katifun auduga a ɗakin Gwaggo Mohbibi, hawa na biyar, ƙofarta na kallon tamu. 'Yarta Gulchehra tana gutsuttsura gurasa da hannu tana tura wa kowa.

"Ƙanena ne," in ji Gulchehra. "Yana Rasha."

"To ai da sauƙi. Ya aiko da takardar wakilci, a gama."

Gwaggo ta juya butar shayi ta tsiyaya rabin kofi ta miƙa masa.

"Sha, likita, kada ya huce."

Ya juyo ya dube ni. Shi ya biya ni, don haka na gaya masa.

"Ba a ji ɗuriyarsa ba tun shekarar 2001."

Ya sha shayin ya yaba shi, ya yaba hasken ɗakin, ya ce zai yi shawara da mai ɗakinsa. Muna jin takunsa har ya kai hawa na biyu.

Shekara tara na yi a Jamus ina karatun shari'a. Na dawo garinmu Khujand da takardar da ba kotun da ta san inda za ta sa ta, sai na kama aikin bincike. Mutum ya ga gida yana so, in je in tono masa: na wane ne, daga hannun wa ya fito, an jinginar da shi ko ba a jinginar ba, akwai ƙara a kansa ko babu. Takardar da Gulchehra ta nuna wa likitan ta haraji ce, sunan uwarta kaɗai ke ciki. Ni kuwa ba na tsayawa a ta haraji. Na koma har farko, shekarar da gwamnati ta mallaka wa mazauna benayen nan gidajen da suke ciki. A lokacin mijin Gwaggo ya riga ya rasu, aka rubuta gidan da sunan mutum uku: uwa, 'ya, ɗa. Kowa kashi ɗaya cikin uku. Ba a sayar da shi sai da hannun su ukun.

Gulchehra ta tare ni a bakin ƙofa, ta ja ƙofar uwarta ta rufe.

"Sannu, Bajamushe. Sannu da aiki."

"Yaya, ko na yi shiru, mai buga wa ciniki hatimi zai gani."

"Da ka bar shi ya gani da kansa. A hannun matar nan ka ci gurasa lokacin da uwarka ke kwance a asibiti."

"Na sani."

"Shekara biyu ba ta taka ƙasa ba, Ilhom. Gwiwoyinta ba sa ɗaukar benen nan. Mai gidana ya ba da fili a tsakar gida, ɗaki ɗaya za mu gina mata, ta fito ta ga kaji. Shi ke nan abin da nake nema."

"In aka sayar a haka, ranar da wani ya zo da sunan Saidmurod, ko ɗansa, za a rushe cinikin."

"Wane ɗa?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya sani. Matsalar ke nan."

Na gaya mata hanya ɗaya ce. A shigar da takarda kotu, a nemi alƙali ya yanke cewa ya mutu. Shekarun da doka ke nema sun wuce tuntuni. Daga nan kasonsa ya zama gado, a raba, a sayar. Na ce ba dole sai uwarsa ba, ita ma 'yar'uwarsa ce, tana da ikon shigarwa.

Ta dube ni kamar na taka mata ƙafa.

"Ni? In je in tsaya in ce ƙanena ya mutu, uwarsa na nan sama tana shanya masa bargo duk bazara? Can suka koya maka wannan?"

Ta sauka. Ban bi ta ba.

Kwana shida ba mu yi magana da kowa a gidan ba. Rana ta bakwai, da hantsi, na ji ana buga bututun ɗumama ɗaki da cokali. Haka Gwaggo ke kiran mahaifiyata a da. Na shiga na same ta a bakin taga tana tsince shinkafa a faranti.

"Zauna. Ka rame. Matan Jamus ba su iya girki ba ne, ko ba wadda ta kula ka?"

"Ba wadda ta kula ni, Gwaggo."

"Sun yi hankali."

Ta ci gaba da tsintar, tana ture tsakuwa gefe da farce.

"Bangon nan ba shi da kauri. Na ji abin da ka gaya wa Gulchehra. Zan tambaye ka, ka amsa mini yadda ka amsa wa likita, ban da zagaye-zagaye."

"To."

"In na ƙi, har na mutu, gidan ya zama na wa?"

"Kasonki na 'ya'yanki biyu. Sunansa yana nan a takarda."

"Gulchehra ta iya sayarwa?"

"A'a."

"Ta iya bar wa 'ya'yanta?"

"Da matsalar a ciki."

"To wa zai je kotun ke nan?"

"Ita."

A ƙasa mai sayar da madara yana kiran mutane.

"Ita ta goya shi," in ji ta. "Ina masaƙa tun asuba, ita ke wanke shi, ita ke kai shi makaranta. Har yau in waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba, ita ke riga kowa ɗauka. Tana tsammani ban lura ba." Ta ajiye farantin. "Ni na kawo shi duniya. In akwai wadda za ta faɗi wannan magana a gaban hukuma, ni ce. Kawo takardar."

"Gwaggo, ba dole yau ba."

"Kai da ka iya gaya wa baƙo gaskiya a kan gurasata, yanzu ne za ka yi mini kara? Kawo."

Na rubuta ta a teburinmu, na kawo. Ta sa na karanta mata sau biyu. A wurin da na rubuta "ya tafi neman aiki", ta ce in ƙara "aikin gini", don kada alƙali ya zaci yawo ya tafi. Ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, kamar 'yar aji ɗaya.

Da Gulchehra ta ji, ta zo ta yi kuka a kicin, ta fito ta ce mini, "Allah ya isa tsakanina da karatunka." Washegari ta kawo mini hotonsa da tsohon katinsa na soja, don kotu ta nema.

Wata biyar aka ɗauka. Aka rubuta wa 'yan sanda, aka rubuta Rasha, garin Surgut inda ya yi aiki. Amsoshin suka zo a takardu masu hatimi, duk magana ɗaya: ba a same shi cikin masu rai ba, ba a same shi cikin matattu ba. Likitan haƙori ya kira ni sau biyu, daga baya ya sayi wani gida kusa da kogi. Ni na bincika masa wannan ma. Ba shi da matsala.

Na gaya wa Gwaggo ana iya sauraron ƙarar ba tare da ta je ba, ni zan tsaya mata.

"Kai ka haife shi?" ta ce.

Ranar zaman kotu, cikin Satumba, muka ɗaura ta a kujerar kicin da ɗankwali biyu. Ni da mijin Gulchehra a gaba, maƙwabta biyu a baya. Ta sa rigarta ta zuwa biki. A kowane hawa sai mun juya kujerar a karkace, a kowane hawa kuma ƙofa ta buɗe.

"Gwaggo, ina zuwa haka? Aure?"

"Aure mana. Mijinki zan ƙwace, ke kin kasa gyara shi."

A hawa na biyu mijin Gulchehra ya yi tuntuɓe.

"Abdujabbor, in ka yar da ni, gadon ba zai zo da wuri ba. Tambayi Bajamushe, sai an jira wata shida."

Alƙaliyar ba ta kai shekarun Gulchehra ba. Ta karanta takardun da sauri, sannan ta ɗago.

"Inna, yaushe kika ji muryarsa ta ƙarshe?"

"Ranar Laraba, sati biyu kafin sabuwar shekara. A wayar uwar wannan yaron ya kira, mu ba mu da waya."

"Me ya ce?"

"Ya ce takalminsa ya yage. Ya ce an samo musu aikin katako can gaba, kuɗin ya fi. Ya ce in gaya wa Gulchehra ta daina aiko masa da busasshen tuffa, ya ishe shi."

"Tun daga nan?"

"Tun daga nan."

"Kin fahimci abin da kike roƙon kotu?"

"Na fahimta."

"Sai kin faɗa da bakinki, Inna, don a rubuta."

Gulchehra ta yunƙura za ta miƙe. Gwaggo ta dafe mata gwiwa ba tare da ta dube ta ba.

"Ina roƙo a rubuta cewa ɗana Saidmurod ya mutu."

Mai rubutu ta rubuta. Duka zaman bai kai rabin awa ba.

Da muka dawo ta hana mu ɗaga kujerar. Ta ce a ajiye ta a tsakar benaye, a inuwa. Ta zauna har la'asar. Mata suka sauko da shayi da inabi. Ta tambayi ina aka kai tsohon famfo, ta ce an lalata wurin da motoci, ta yi wa wata amarya faɗa a kan yadda take shanya kaya. Ba wanda ya tambaye ta yadda aka yi a kotu. Da rana ta yi sanyi ta ce, "To, ku mayar da ni."

Bayan sati biyu ta kwanta. Likita ya ce zuciya ce, ya rubuta magani. Gulchehra ta dawo gidan da zama. Na shiga sau ɗaya na gaishe ta. Ta buɗe ido ta ce, "Takardar ta fito?" Na ce tukuna, hukunci ba ya aiki sai ya cika wata guda ba wanda ya ɗaukaka ƙara. Ta ce, "Wa zai ɗaukaka?" Ta rufe ido.

Ta rasu ranar Talata da azahar, kwana goma sha tara bayan zaman kotu. Gulchehra na ba ta ruwa a cokali. Aka jera benci a ƙofar bene, maza suka sa manyan riguna suka ɗaure ƙugu. Abdujabbor ya tsaya a wurin da ɗa ke tsayawa. Ni ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ba a gina mata ɗakin tsakar gidan ba.

Bayan sadakar arba'in Gulchehra ta buga mini ƙofa. Ta ce tana so a fara maganar gado, ta gaji da hawa benen nan don shayar da furanni. Na riga na karɓo takardun shaidar mutuwa guda biyu, tata da tasa. Muka shiga gidan, muka zauna a ƙasa. An naɗe katifun an jera a bango. Na shimfiɗa takardun a gabanta.

Ta karanta ta uwarta. Ta ɗauki ta ƙanenta ta karanta, ta sake komawa ta farko.

"Sun yi kuskure a kwanan wata."

"Ba kuskure."

"Nan an ce ita bakwai ga Oktoba. Shi an ce goma sha takwas."

"Wanda kotu ta yanke wa mutuwa, ranar da hukuncin ya fara aiki ita ce ranar mutuwarsa. Haka doka ta ce."

Ta ƙirga da yatsu.

"Kwana goma sha ɗaya."

"E."

"Wato a wurin hukuma, da ta rasu yana da rai."

"Yana da rai. Har ya gaje ta. Shi ya sa aikin zai ɗan ƙara tsawo, gado biyu za mu buɗe, nata sannan nasa."

Ba ta saurari ƙarshen maganar ba. Tana kallon takardun.

"Ashe bai riga ta ba," ta ce.

Ta goge ƙasan da tafin hannu duk da ba ƙura. Ta ajiye takardar uwarta, ta ɗora ta ƙanenta a kai, ta daidaita gefunansu da yatsu biyu har suka zama kamar takarda ɗaya. Ta bar hannunta a kansu.