Ranar da Waya ta Kashe Mai Keke

A layin teloli akwai wani dattijo da kowa ke kira Mai Keke. Ba keken hawa ba, keken ɗinki yake gyarawa, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. Da kunne yake aiki. In an kawo masa keke sai ya taka feda, ya lumshe ido, ya karkatar da kai, can ya ce wannan tari yake yi, wancan kuwa ƙishin mai ne kawai. Don haka ne tun da safe yake kashe 'yar wayarsa mai maɓallai ya jefa ta cikin gwangwanin sukurori, wai kukanta yana ɓata masa ji.

Aiki ya yi ta ja baya, har wata rana yakan wuni yana goge kekunan da ba abin da ya same su. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, jakunkuna da takalma take sayarwa ta intanet. Ba ta da rumfa ko kamar tafin hannu, amma kullum mai babur na ƙofar gidanta yana ɗaukar kaya. Abin ya daɗe yana ɗaure wa tsohon kai. Yakan zauna yana tunanin inda wannan kasuwa take ci, ko a sama ne tsakanin gajimare, ko cikin igiyoyin lantarki. Da Uwata ta ce za ta yi masa talla a can, sai ya yarda, amma da sharaɗin shi zai zaɓi hoto.

Wanda ta ɗauke shi da wayarta ya ƙi, ya ce ya fito kamar an tashe shi daga barci. Ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado ya zaro wani tsohon hoto fari da baƙi, na zamanin da gemunsa bai yi furfura ba, ya dafa keke yana duban nesa. Ya ce a rubuta shekarar da ya fara aiki a ƙasan hoton, a ja ɗan layi, a sa ta bana, don mutane su ga daɗewar hannunsa. Uwata ta ce hoton ya yi duhu. Ya ce haka mutanen kirki ke fitowa. Ta yi dariya ta bar shi. Bayanin gyaran keke da kwatancen shago ta rubuta su can ƙasa da ƙananan haruffa, ta tura zauren teloli na intanet da shafinta da sassafe, sannan ta tafi sarin kaya, cajin wayarta ya ƙare a hanya.

Rana ta take tsaka, Mai Keke yana tsoma burodi a shayi, sai inuwa ta rufe ƙofar shagon. Dogo ne, wani tela, tsohon abokin tsokanarsa, sanye da fararen kaya, idanunsa jawur. Ya leƙo ne ya ga ko iyali sun zo rufe shago. Da suka haɗa ido sai Dogo ya ja baya, ƙafarsa ta harɗe, ya zauna daɓas a kan matakala bakinsa a buɗe.

"Kai Dogo, yau kuma wa ya mutu ka sha farare haka?"

Dogo ya nuna shi da yatsa. "Kai."

Ya miƙo wayarsa. Ga hoton nan, fari da baƙi, ga shekaru biyu da ɗan layi a tsakani. Bayanin da Uwata ta rubuta babu shi, wani ya yanke, ya ɗora sanarwar rasuwa a sama ya tura gaba. Mutane sun saba, in suka ga irin wannan hoto da shekaru biyu a ƙasa ba sa tsayawa karatu, sai addu'a. Addu'o'in kuwa sun jeru, Dogo yana ja da yatsa suna ta fitowa kamar zare daga ƙoshiya.

Mai Keke ya ɗora tabarau ya shiga karantawa da ƙyar, yana haɗa baƙi. Wani tela da suka shekara ba sa gaisawa ya rubuta cewa ya yi rashin uba. Wata ta ce ta san ya daɗe yana jinya. Wani ma ya ce yanzu ya dawo daga maƙabarta, jama'a ta taru sosai. Tsohon ya ajiye kofin shayi, ya kama tsintsiyar hannunsa yana lalubar jijiya. Tana bugawa. Duk da haka jikinsa ya yi sanyi, kuma can ƙasan zuciyarsa wani abu yana so ya ƙara karantawa, don bai taɓa jin an yabe shi haka ba.

Sai idonsa ya faɗa kan rubutun matar ɗan Yayarsa. Ta jera fuskokin kuka, ta ce ita da wane baki za ta gaya wa Mama.

Yaya ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi masa uwa har ya kama sana'a. Yanzu tana wani gari a gidan ɗanta, zuciya ta kwantar da ita. Likita ya ja kunne kada a kai mata labari mai girgiza, har mutuwar maƙwabta ɓoye mata ake yi. In wannan ya shiga kunnenta, shi ne zai je ta'aziyya ta gaske.

Ya zazzage gwangwanin sukurori a ƙasa, ya ɗauki wayarsa ya kunna, ya kira surukar. Tana jin sallamarsa ta kashe. Ya sake kira. Wannan karon ta tsaya, muryarta a dashe, ta ce ta san irinsu sarai, masu ɗaukar muryar mamaci da na'ura su kira dangi don su yaudare su, su ji tsoron Allah, ko kwana mutumin bai yi a ƙasa ba. Ya rantse mata shi ne, ya faɗi sunan mijinta da na 'ya'yanta. Ta ce duk wannan a intanet ake samu.

Dogo ya ce a kira ta ta bidiyo da tasa wayar, ai in ta ga fuska magana ta ƙare. Ta ɗauka, ta dube shi, ta rufe baki da mayafi, ta ce har fuskar ma sun ƙera, ga shi nan bakin ba ya tafiya daidai da maganar. Daga bayanta, daga cikin ɗaki, ya jiyo wani nishi da ya sani tun yana yaro, ana kiran Autana, Autana. Ashe labari ya riga ya shiga. Ya ɗaga murya yana cewa Yaya ga ni, amma fuskar wayar ta yi baƙi. Da suka sake gwadawa, ta toshe lambar.

Ana haka Uwata ta faɗo shagon tana haki, mayafi a hannu. Ta sa caji a wani kanti ta tarar da kira ba iyaka. Ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa tana kuka, ta ce ta rubuta ƙaryatawa tun a hanya, amma ba mai turawa gaba, wasu ma sun ce an sace mata shafi ne. Ita ma surukar ta ƙi ɗaukar kiranta. Mai Keke bai yi faɗa ba. Ya ce ta tashi su tafi tasha, ya bar wa Dogo shago a buɗe.

A cikin mota, mutumin da ke gefensa yana ta shafa waya. Can ya yi tsaki na tausayi, ya karkato da ita ya nuna masa hoton, ya ce wannan bawan Allah shi ya gyara keken mahaifiyarsa, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ya dubi tsohon ido cikin ido yana jiran amsa. Mai Keke ya ji bakinsa ya ce amin. Daga nan ya juya yana kallon turakun lantarki suna wucewa, yana ganin kamar a cikin igiyoyinsu mutuwarsa ke gudu, ta fi motar sauri nesa ba kusa ba.

Sun isa da la'asar. Takalma sun cika ƙofar gida, mata na zaune a tsakar gida sun yi jugum. Da ya yi sallama ya shigo, wata ta zabura ta yi bayan gida, wata ta rufe fuska tana salati, tiren kofuna ya suɓuce daga hannun surukar. Uwata ce ta riƙe ta tana mata bayani. Surukar ta ce Mama ta ji ne daga bakin wata maƙwabciya da ta shigo da kuka, kuma tun lokacin ta ƙi abinci, ta ƙi magani.

Yaya tana kwance a kan gado, an tokare ta da matasan kai, numfashinta gajere, leɓenta ya yi duhu. Ƙwayoyin maganinta na kan kujera ba a taɓa ba. Ya durƙusa a gefen gadon. Ta dube shi, ba ta firgita ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Ta kamo hannunsa tana juyawa, tana duba baƙin mai da ke ƙarƙashin faratansa.

"Autana," ta ce a hankali. "Ka zo tafiya da ni ne?"

"Yaya, ban mutu ba. Taɓa ni ki ji, da ɗumina."

"Na ji. Ai ni ma da ɗumina." Ta lumshe ido. "Tun da wayar nan ta shigo gidan nan, duk wanda ta ce ya tafi, ya tafi. Ban taɓa jin ta janye ba. In ina ganinka, to ni ce na kusa."

Ya yi rantsuwa, ya tuna mata abubuwan ƙuruciya, ya ɗora tafinta a ƙirjinsa. Ta yi ta gyaɗa kai kamar mai lallashin yaro, tana cewa ya ɗan jira ta, ba za ta daɗe ba. Numfashin sai ƙara gajarta yake. Ya waiwayo ya dubi 'yarsa, fuskarsa kamar ta wanda ruwa ke ja.

Uwata ta share hawaye, ta ce ya matsa kusa da Gwaggo. Ta ɗauke su hoto kai da kai, ta rubuta a sama da manyan haruffa cewa yana raye, ga shi yau tare da yayarsa, ta tura. Sannan ta ce wa surukar ta buɗe tata wayar, wadda tsohuwa ta saba jin labari daga cikinta, ta karanta da ƙarfi.

Surukar ta karanta, ta kai wayar gaban idon Yaya. Tsohuwa ta ƙura wa gilashin ido. Ta ga ɗankwalinta, ta ga matashin kanta, ta ga ƙanenta a gefe. Ta juyo ta dube shi, ta koma ga wayar, ta sake dubansa. Sai ƙirjinta ya ɗaga, ta ja numfashi mai tsawo irin wanda ba ta ja ba tun safe.

"Ashe kana nan, ɗan banza," ta ce, ta ɗauki mafici ta kwaɗa masa a kafaɗa. "Ku ba ni maganina."

Ta haɗiye ƙwayoyin da ruwa, ta saki hannunsa ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta ce wa surukar ta sake karanta mata, a hankali, har da abin da mutane ke cewa a ƙasa. Mai Keke ya zame ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar gado, yana sauraron ana tabbatar wa Yayarsa cewa yana da rai. Ba wanda ya ƙara tambayarsa komai.