Abin da Kifin Krachi Ke Ci

Shekarar da ruwan tafki ya cinye tsohon zangon Kete Krachi, har da kabarin babana ya tafi. Bayan damina biyu sai ga wasu 'yan ƙananan kifaye farare sun cika ruwan, ko ɗan yatsa ba su kai ba. Ni Asiatu da kifin banda nake ciyar da 'ya'yana, sai na shiga sarinsu ina kaiwa Salaga.

Karimatu mai doya ce ta kashe min kasuwa. Matar nan bakinta ba ya hutawa! Ta tsaya kan kwandona ta ce, "Asiatu, kifin nan ba ya cin tsutsa, ba ya kama ƙugiya. Da can babu shi, sai da ruwa ya hau maƙabarta. To me yake ci?"

Kafin azahar magana ta zaga. Masu sari na Yendi da Bawku suka daina ko kallona. Na wanke Karimatu tas, amma ni kaina ban taɓa sa kifin a baki ba. Tsoron da ta faɗa shi ne nawa.

Na koma bakin tafki wurin Seidu, masuncin da nake saya a hannunsa. Muka farke cikin kifi ya fi ashirin. Ba komai sai wani kore-kore kamar miyar kuka.

"Ruwa kawai yake sha, Yaya," in ji Seidu.

"Ruwa ke sa ƙiba? Kai me ya hana ka yi?"

Ina jujjuya ɗaya sai na ɗaga murfin kunnensa, na ga wasu siraran haƙora a jere, sak rariya. Oho! Macen da ke tace koko kullum ta san ba a ajiye rariya a banza. Na ce Seidu ya tuƙa ni tsakiya. Na cire farin mayafina na ja shi a saman ruwa bayan jirgi, yana ta mitar na haukace. Da na ɗago, mayafin ya yi yauƙi. Na ɗauraye shi cikin kwalba, na ɗaga wa rana.

Ikon Allah! 'Yan mitsi-mitsin halittu ne kamar garin gero, suna tsalle, suna iyo, ba iyaka. Na daɗe ina kallo baki buɗe. Ashe su kifin ke tacewa ya ci, a saman ruwa inda rana ke bugawa.

Ranar kasuwa na dangwarar da kwalbar gaban Karimatu. Mata suka taru ana miƙa wa juna. Karimatu ta ƙanƙance ido ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Na gani. Amma tunda kike sayar da shi ban taɓa ganin kin ci ba. In kin yarda, ci mu gani."

Na ɗebi kifi guda uku, na yi bismilla na tauna. Sai hawaye.

"Ƙaya ce?" in ji Karimatu.

Na girgiza kai. Shekara biyu ina yi wa babana addu'a da fargaba a raina. Sai ranar na yarda yana kwance lafiya, ba abin da ya taɓa shi.