Fenti Mai Kauri

Kafinta ya yi shekaru yana haɗa kwale-kwale a bayan shagonsa. Ba na sayarwa ba ne, ba kuma wanda ya sa shi. Nasa ne. In ya gama da ƙofofin mutane da gadajensu, sai ya zagaya baya ya ƙara katako ɗaya. Wani watan ko ƙusa ba ya samun bugawa.

Abokansa na ƙuruciya biyu ne, Direba da Tela. Su suka yanke shawara cewa bana in hutu ya zo kowa ya rufe sana'arsa, a ɗora kwale-kwalen a bayan motar Direba, a tafi babban tafkin da ke bayan duwatsu a sa shi a ruwa.

"In ba mu sa maka rana ba," in ji Tela, "jikokinka ne za su yi girki da shi."

"Ka ji da wandunan mutane," in ji Kafinta.

Aka sa rana. Fenti kaɗai ya rage. Amma fentin kwale-kwale ba na ƙofa ba ne. Shafa ake yi kaɗan-kaɗan, a bari ya bushe ƙarau, a goge, a sake shafawa, har ya kama jikin katako. Kafinta ya ware makon ƙarshe domin wannan.

Ranar da zai buɗe gwangwanin, sai ga yayan matarsa. Ya tare a sabon gida, kicin ba kabad.

"Kai namu ne, wa zan kai wa?"

"Kawo awon," in ji Kafinta.

Washegari maƙwabciya ta zo. 'Yarta na gab da haihuwa, tana son gadon jariri. Ya karɓa. Bayanta mai shagon shayi ya kawo benci da ƙafa ta karye. Shi ma ya karɓa. Tun da ya fara sana'a bai taɓa ce wa mutum ba shi da lokaci ba. A kunnensa, wannan daidai yake da cewa bai iya ba.

"Baban yara," in ji matarsa da ta kawo masa abinci shago, "Yaya fa zai iya jira. Bari in faɗa masa da kaina."

"Na aike ki?"

"Ba ka aike ni ba. Amma jibi ne tafiyar."

"Na san ranar da zan yi tafiya."

Ta ajiye kwanon ta fita.

Ana gobe tafiya, da la'asar, ya ɗaura ƙofar kabad ta ƙarshe. Ya dawo ya tsaya a kan kwale-kwalen, gwangwanin shuɗin fenti a hannu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsoma burushi har wuya, ya lafta. Aikin mako guda ya yi shi a shafa ɗaya. Kwale-kwalen ya yi kyau, yana ta ƙyalli. Da safe ya taɓa shi da bayan yatsa, ya ji sama ya bushe. Bai danna ba.

Direba ya iso yana ta zuba hon, Tela a gaba da baƙin tabarau da hular da ta fi kansa.

"Ya bushe?" in ji Direba.

"Ya bushe."

Tela ya miƙa hannu zai shafa.

"Cire hannunka!"

"Kai, sai ka ce na taɓa maka ido."

Suka ɗora kwale-kwalen a mota, suka lulluɓe da tampol. Direba ya ce hanyar duwatsu ba ta da kyau, ya ja igiyoyi ya ɗaure tamau. Kafinta na kallo.

Suka yini a hanya, rana na dukan tampol ɗin. Tela na ta ba da labarin matar da ta kawo masa yadi ta ce ya ɗinka mata rigar da za ta rage mata ƙiba. Direba na dariya yana dukan sitiyari. Kafinta idonsa na kan madubi. Wayarsa ta yi ƙara, yayan matarsa ne, wai ƙofar kabad ɗaya ba ta rufuwa sosai.

"In na dawo," ya ce, ya kashe.

Da suka isa bakin tafki, ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Masunta na gyaran raga a kan yashi. Direba ya kwance igiyoyi, ya ja tampol. Ya ƙi tasowa. Ya ƙara ja da ƙarfi. Tampol ya ɓanɓaro da fentin a jikinsa, falle-falle. Duk inda igiya ta bi ta bar zane har katako. Ƙarƙashin ɓawon, fentin ɗanye ne sharaf.

"Kamar kazar da aka fige rabi," in ji Tela. Ba wanda ya yi dariya.

Kafinta ya sa aka sauke kwale-kwalen a gindin wata bishiya. Ya ciro wuƙarsa ya fara kankara. Fentin ba ya fita kamar busasshe, sai dai ya manne a wuƙa kamar ƙaro. Ya kankare, ya goge a jikin dutse, ya sake kankarewa. Hannayensa suka yi shuɗi, har gemu.

Abokansa suka karɓi hayar kwale-kwale wajen wani masunci. Kullum da safe sai su zo su tsaya a kansa.

"Taso mu zaga, ɗan'uwa. Ka dawo ka ci gaba."

"Ku je."

Suna can tsakiyar ruwa yana jiyo ihun Tela, wai ya kama kifi. Bai ɗaga kai ba.

Ranar komawa kwale-kwalen ya fito tsirara, dabbare-dabbare, nan shuɗi nan katako. Direba ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa gefensa.

"Duk tsagar a toshe take, ko?"

"A toshe take."

"Zai ɗauke mu?"

"Zai ɗauki biyar ma."

"To mu sa shi mana! Ko zagaye ɗaya. Kifi ina ruwansa da fenti?"

"Katako in ya sha ruwa haka, fenti ba zai ƙara kama shi daidai ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma kuma masunta uku na zaune a gefe suna kallo, ɗaya ma har ya yi wa ɗan'uwansa raɗa.

Tela ya cire tabarau.

"Malam, na rufe shago, na bar ɗinkin mutane. Wannan ya bar lodi. Don wa? Ko ƙafarka ba ka tsoma a ruwan nan ba. Ka yi wa kowa nasa aikin tsaf, naka ka yi masa ha'inci, yanzu kuma mu kake ɗaure wa fuska."

Kafinta ya dube shi. Ya dubi ruwan. Daga gindin bishiyar zuwa bakinsa, yaro ma zai iya jefa dutse.

"Kama can," ya ce wa Direba. "Mu ɗora."

Suka ɗora shi. Wannan karon ba a lulluɓe ba, ba abin da za a kare. Tela ya shige gaba ya rufo ƙofa da ƙarfi. Kafinta ya hau baya ya zauna a cikin kwale-kwalen, ya riƙe gefensa da hannu biyu.

Direba ya leƙo ta taga.

"Badi, in da rai?"

"Ja mota," in ji Kafinta.